Wai mece ce rayuwar gaskiya, kuma ina iyakar rufin asiri da ƙarya?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya kuma don Allah a ɗauke ta da muhimmanci. Kullum a bakinmu akwai wane rayuwar ƙarya yake yi, wance duk abin da take sawa a sitatus ƙarya ne, amma ban taɓa jin an zauna an faɗi mece ce rayuwar gaskiyar ba. Ni abin da na ɗauka shi ne yadda kake a ɗaki haka kake a waje, abin da aljihunka zai iya shi za a gani a jikinka, abin da ke ranka shi ne a bakinka. Toh amma in haka ne ina za mu kai iyayenmu? Mu nan Gombe mun taso mun ga uwa za ta wuni ba a ɗora tukunya ba, maƙwabciya ta shigo ta ce ya gida, ta ce lafiya lau alhamdulillahi, ta yafa mayafinta mai kyau ƙwaya ɗaya ta tafi gidan suna kaman ba komai. Wannan ma rayuwar ƙarya ce? In ba ita ba ce toh ina bambancinta da yaron da ya aro mota ya ɗau hoto? Wlh da gaske nake tambaya.

Maman Sadiq, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ai bambancin a fili yake. Ita uwar ta ɓoye rashinta ne, shi kuma mai aron mota ya fito yana tallan abin da ba nashi ba. Ita ba ta ci haƙƙin kowa ba, ba ta sa 'yar wani ta dawo gida tana raina ubanta ba. Shi kuwa hotonsa ɗaya sai ya hana yara goma barci. Kuma ni inda abin ya fi cin raina wajen biki ne, kai dai bari. A da kamu ne da wuni da walima a kai amarya shikenan, yanzu sai an yi dina a hol, anko kala biyu ko uku, mai kwalliya daban mai hoto daban mai bidiyo daban, lefe kuma akwati saiti guda ba ya isa sai an ƙara don dangin amarya za su ƙirga su ba da labari. Na san gidan da aka gama biki ba a yi wata uku ba aka fara fitar da kayan ɗaki ana sayarwa a ɓoye don masu bashi sun matsa, amaryar ko gajiyar biki ba ta gama warwarewa ba. Mutanen da aka yi domin su faɗa kuwa sun ci shinkafarsu sun watse, wasu ma sun tafi suna cewa naman ya yi kaɗan.

Malam daga Kumo:
Hajiya Maman Sadiq kin yi daidai kuma addini bai bar mu a duhu ba a kan wannan. Ɗan Bolari ka duba Suratul Baƙara aya ta 273, Allah yana yabon wasu mabuƙata waɗanda wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa naci wajen roƙon mutane. Ka ga kenan abin da iyayenmu suke yi abin yabo ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin Asma'u 'yar Abubakar a Bukhari da Muslim, wata mata ta tambayi Manzon Allah (SAW) cewa tana da kishiya, ko akwai laifi ta nuna mijinta ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu ne. Abin tun wancan zamanin yana nan, waya ce kawai ta zo ta faɗaɗa shi.

Tela na Herwagana:
Malam Allah ya saka da alheri. Amma ku bari mu da muke shago mu faɗi abin da muke gani, don ni gaskiya ba na son a ɗora laifin duka a kan talaka. Duk azumi daga goman tsakiya shagona cika yake, mutum zai kawo shadda mai tsada wadda na san a bashi ya ɗauko ta a kasuwa, kuɗin ɗinki ma sai bayan sallah ake fara bin sa, wani sai layya. Da can haushi nake ji. Amma ku tambayi kanku me ya sa yake yi? Ka sa yadi mai sauƙi ka je wani ofishi neman sa hannu ka gani, tun daga bakin get za a fara tambayarka wa kake nema, wanda ya zo bayanka da gezna da hula mai tsada a ce ranka ya daɗe shigo. Ka je ɗaurin aure ka ga wa ake ba kujera wa ake bari a rana. Ka je neman aure ka ga abin da ake fara dubawa. Mu ne muka koya wa mutane cewa tufafi ake gaisarwa, sannan mu dawo muna zaginsu don sun ci bashin tufafi. Ni wannan nake so a amsa min.

Maman Sadiq, Tudun Wada:
Malam tela ba ka yi ƙarya ba ko kaɗan. Amma ai wani sai ya fara daurewa, in kowa ya ce sai jama'a sun gyaru tukuna toh su waye jama'ar.

Matashin Tumfure:
Ni fa duk wannan kwana-kwanar ban gane mata ba. Rayuwar gaskiya ita ce ka yi abin da ranka yake so, ka faɗi abin da ke cikinka ko wa zai ji haushi, ni haka nake, in ban son mutum a fuskarsa nake faɗa mishi. Mu Hausawa munafunci ya mana yawa, ka gaishe da mutum kana dariya alhali ba ka ƙaunarsa, wai kara wai kunya. Shi ya sa nake girmama wasu 'yan TikTok da ake zagi, su dai ba sa ɓoye halinsu, abin da wasu suke yi a ɓoye su a fili suke yi.

Malam daga Kumo:
Ɗana a nan kam ba na tare da kai. Ba duk abin da ya zo ranka ne kai ba, wani fushi ne na minti biyar, wani son zuciya ne wanda kai kanka gobe za ka ji kunyarsa. In ka danne shi ka yi wa ɗan'uwanka fuska ba munafunci ka yi ba, ka zaɓi wanda kake so ka zama ne. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar masu yi a fili kuma, hadisi ya tabbata daga Abu Huraira cewa dukkan al'umma ana musu afuwa sai masu bayyana saɓonsu, mutum Allah ya rufa masa asiri da dare ya wayi gari yana tona kansa. Wanda ya yi laifi ya ɓoye yana jin nauyi har yanzu zuciyarsa da rai. Munafunci shi ne ka yi sallah don a gani, ka yi kyauta don a ɗauka a bidiyo, ka yi wa mutum dariya ka juya ka je ka haƙa masa rami.

Matashin Tumfure:
Malam na ji ta saɓo, wannan ban musa ba. Amma batun kara har yanzu ina nan a kan bakana, kara ta sa mutane da yawa sun karɓi abin da ya fi ƙarfinsu.

'Yar Federal Low Cost:
Ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Ni ɗan'uwan nan na Tumfure ban yarda da rabin maganarsa ba amma ɗaya rabin akwai gaskiya kuma mu mata mu muka fi sanin ta. Ana ta yabon rufin asiri tun ɗazu, na yarda abu ne mai kyau in rashin abinci ne ko rashin sutura. Amma akwai matar da ake duka a ɗaki, akwai wadda miji ya yi wata da watanni bai ba da kuɗin cefane ba yana can yana hidima da abokai, ta je gida a ce mata koma ki yi haƙuri ki rufa wa kanki asiri, ta dawo ta sa hoton ta da shi a sitatus ta rubuta Allah ya bar mu tare. Wannan asirin wa aka rufa? Nata ko na wanda yake cutar da ita? Irin wannan haƙurin ne yake zama hawan jini, mace tana da shekara talatin da 'yan kai tana shan magani kullum kuma kowa yana cewa ai gidanta lafiya lau. Sannan ga karatu, yarinya tana son ɗinki ko girki ko koyarwa a ce a'a sai likita ko nas don a ce 'yar wane likita ce, ta yi ta rubuta JAMB shekara da shekaru tana faɗuwa a kan burin da ba nata ba. Ni a wajena wanda yake rayuwa a kan burin wani ko tsoron bakin wani shi ma ba rayuwarsa yake yi ba ko da bai taɓa aron ko ɗankunne ba.

Maman Sadiq, Tudun Wada:
Ƙanwata wlh kin taɓo inda yake min ciwo. Zalunci ba a rufa masa asiri. Wadda ake cuta ta faɗa wa waliyyinta, in bai ji ba ta faɗa wa wanda zai ji, har gaban alƙali in ta kama. Abin da ba na so kawai shi ne a kwaso sirrin aure a zuba a Facebook don 'yan kallo ba sa gyara aure.

Malam daga Kumo:
Haka ne. Farkon Suratul Mujadala ma ai a kan mace ce da ta kawo ƙarar mijinta, Allah ya ce ya ji maganarta. Ba a ce mata koma ki yi shiru ba.

Baffa daga Bauchi:
Salam. Ina ta karantawa tun ɗazu, bari tsoho ya sa baki. Mu nan Bauchi in ana irin wannan zancen sunan da yake fara zuwa shi ne Sir Abubakar Tafawa Balewa. Malamin makaranta ne, ya zama firayim minista tun 1957, a 1960 ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da babbar rigarsa yana Turancin da Turawa kansu suke sha'awa, a 1961 ya je Amurka wajen Shugaba Kennedy, amma in ya samu hutu Bauchi yake dawowa gonarsa. Kun san hoton nan da yake yawo yana zaune a ƙasa da 'ya'yansa suna shan rake. Aka kashe shi a Janairun 1966 bai bar wata dukiyar da za a nuna ba, kabarinsa yana nan cikin gari duk wanda ya zo Bauchi zai iya zuwa ya gani. Malam Aminu Kano shi ma a nan Bauchi ya koyar a makarantar midil, nan ya zauna da Malam Sa'adu Zungur suna muhawara a kan halin da talaka yake ciki tun kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya zamanin Gowon, ya rasu a 1983, ku je Gwammaja a Kano ku ga gidan da ya zauna. Abin lura, Balewa da Aminu Kano ba jam'iyyarsu ɗaya ba, sun yi saɓani sosai a siyasa, ɗaya mai taka-tsantsan ɗaya mai zafi, amma babu wanda ya aro halin wani don ya burge. Shi ya sa nake cewa gaskiyar rayuwa ba kama ɗaya gare ta ba.

Tela na Herwagana:
Baffa Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙansu. Amma da izininka, su ai suna da shi ne suka bari shi ya sa ake yabonsu. Firayim minista in ya zauna a tabarma sai a ce tawali'u, ni in na zauna sai a ce ai dama nan ne wajensa. Sauƙin kai ma sai mai hali ake gani wa.

Baffa daga Bauchi:
Ɗana maganarka gaskiya ce kuma tana da ɗaci. Ban kawo su don in ce talaka ya yi koyi da su ba, na kawo su ne don manyanmu na yanzu, don daga sama abin ya lalace. In mai muƙami yana aurar da 'ya ana kwana bakwai ana shagali jirage suna sauka, ɗan aji shida ma ya gani a waya, me kake so ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka shi ne mutunci? Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ka ɗauki wannan ka auna da buhun shinkafa da kuɗin makaranta da haya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta, amma bukukuwanmu ba su ragu ba. Toh daga ina kuɗin yake fitowa? Bashi ne, ko a taɓa amanar ofis, ko a shiga hanyar da ba ta dace ba. Rayuwar ƙarya ba a kan mai yin ta kaɗai take tsayawa ba.

'Yar Kaltungo:
Barkanku da yamma 'yan'uwa. Ni zan kawo wani gefen da ba a taɓa ba. Ni Batangaliya ce, Kirista, Hausa nake yi tun ina yarinya kuma ina son ta, da ita muke ciniki da ita muke waƙa a coci. Amma na ga yaranmu da yawa in sun shigo Gombe ko sun je makaranta kunyar yarensu suke ji, uwa ta kira su a waya ta yi musu yare su amsa da Hausa ko Turanci a hankali kar abokai su ji. Ba mu kaɗai ba, Tera da Waja da Bolawa duk na ga haka, har Fulanin gari da yawa yanzu in ka wuce gaisuwa Fulatancin ya ƙare. Mutumin da yake ɓoye garinsu da harshen kakarsa don kar a ce masa ɗan ƙauye, wannan ba rayuwar ƙarya ba ce? Kuma shi ba bashi ya ci ba ba hoto ya ɗauka ba.

Baffa daga Bauchi:
'Yata kin faɗi abin da yake damuna shekara da shekaru. Malam Yakubu da ya kafa masarautar Bauchi da tutar Shehu Usmanu Bageri ne, amma yau ki zaga cikin gari ki nemi matashin da zai yi miki hira da Geranci ki ga wahalar da za ki sha. Ba wanda ya hana mu da bulala, mu muka bari da kanmu. Ba na ganin laifin Hausa, ita ce ta haɗa mu a gidan nan ma, laifin namu ne da muka ɗauka sai an yar da ɗaya ake riƙe ɗaya.

'Yar Kaltungo:
Na gode Baba. Ni dai a gidana na sa doka, in an shigo ɗaki yare za a yi, a waje kowa ya yi abin da ya ga dama.

Mai hatsi, Tudun Hatsi:
Ni ɗan kasuwa ne ba na iya dogon rubutu amma zan faɗi nawa. Na yi digiri na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, na bi kawuna kasuwa. Yau masara da wake da gero nake saya daga ƙauyuka, Dukku, Bajoga, Kumo duk ina zuwa, muna loda wa motocin kudu. Wuni nake cikin ƙura, in ka gan ni da yamma ba za ka ce na taɓa shiga aji ba. Akwai abokan karatuna da in sun hango ni a kasuwa sai su kau da kai, su ne kuma da dare za su turo saƙo a taimaka musu da na data. Ba gori nake ba Allah ya sani, tausayi suke ba ni, don na san da yawansu suna da ƙarfi da basirar da ta fi tawa, abin da ya ɗaure su kawai kar a ce mai digiri yana awo. Mutum ya fi shekara biyar yana goge takalmi yana fita da fayil da safe don unguwa ta ɗauka yana aiki. Ga noman rani a Dadin Kowa, ga POS, ga gyaran waya, ga ɗinki. Amma kuma zan faɗa wa tela gaskiyarsa, ranar da na je neman aure sai da aka ce wai a kawo mai aikin gwamnati, albashin da ake maganar kuwa wani lokacin a mota ɗaya nake samun sa. Allah ya sa mahaifinta mutum ne mai hankali ya tsaya min.

Ɗan Bolari:
Hamma mai hatsi Allah ya ƙara albarka. Toh amma ina da saura, wanda Allah ya ba shi fa? In yana da hali ya sa mai tsada ya hau mota mai kyau shi ma za a ce yana nuna isa, in kuma ya ƙanƙame ya sa tsumma ai shi ma ba gaskiyarsa ya nuna ba.

Malam daga Kumo:
Ya sa abinsa Hamma. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a kan bawansa, kuma da aka tambayi Annabi (SAW) game da mai son tufafinsa da takalminsa su yi kyau ya ce Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Mai kuɗin da yake kukan babu don kar dangi su roƙe shi shi ma ƙarya yake yi. Sharaɗin dai halal ne, ya fitar da zakka, kuma kar ya sa don ya ƙona zuciyar maƙwabci.

'Yar Federal Low Cost:
Toh tunda maza sun yi yawa a nan bari in tambaya, duk kun yarda lefe da dina sun wuce gona da iri, Malam ma zai gaya muku mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne kuma lefe ba sharaɗin aure ba ne. Waye a cikinku zai iya aurar da ƙanwarsa ko 'yarsa da akwati biyu da walima a ƙofar gida? Ba a rubutu ba, a aikace.

Mai hatsi, Tudun Hatsi:
Ni zan iya kuma na yi niyya in Allah ya kai mu. Amma ba maza ne matsalar ba Anti, ranar kawo lefe ba namiji ko ɗaya a ɗakin.

Maman Sadiq, Tudun Wada:
Hamma mai hatsi rabin gaskiya ka faɗa. Eh mu mata mu muke buɗe akwati mu ƙirga atamfa da leshi, ban musa ba. Amma uwar amarya tsoron gorin da za a yi wa 'yarta a gidan miji take ji, don ta san ranar da aka samu saɓani dangin miji za su ce me aka kawo ki da shi, kuma mijin yana zaune ba zai ce uffan ba. In kuna so a rage toh ango ya fara zama da mahaifiyarsa da goggonninsa tun kafin a sa rana, ya ce musu shi ya nemi a sauƙaƙa kuma duk wadda ta yi wa matarsa gorin gara ko kayan ɗaki da shi ta yi. Uban amarya shi ma ya kira nasa 'yan'uwan mata ya gaya musu ba a ƙirga a gidansa. Ni 'yata ta fari saura shekara biyu ta gama makaranta, na riga na fara wannan maganar da babanta, shi ya yarda, yayarsa ce har yanzu muke fama da ita.